Daɓen Iyatu da Fankoki Huɗu

Duk wanda ya tashi a unguwar Yelwa ta Garwa kafin karo, tangaran ɗin shimfiɗa a ƙasa, ya cinye gari ya san Iyatu mai daɓe. Ko bai san fuskarta ba, ya taka aikinta. Gajeruwa ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa, kuma hannunta na dama ya fi na hagu kauri saboda shekara arba'in da wani abu da ta yi tana dukan ƙasa. Kakanta Bakano ne, fatauci ya kawo shi bakin Binuwai ya zauna. Mazan gidan suka bi kasuwa, matan suka bi daɓe. Uwarta Luba ce ta damƙa mata madaɓi tana 'yar shekara goma sha ɗaya, wani guntun icen ƙirya mai faɗin tafin ƙafa, wanda har yau in ka shinshina shi ƙamshin makuba yake yi.

'Yan yanzu sai an yi musu bayani, abin kunya. Ana tankaɗe jar ƙasa, a haɗa da tsakuwar marmara, a jiƙa ta kwana. Ana jiƙa ɓawon ɗorawa a tulu har ruwan ya yi duhu kamar shayi mai kauri, shi ne makuba. Mata su jeru a durƙushe su yi ta bugu tare, a yayyafa makuba, a sake bugu. Wannan duk mai ƙarfi zai iya. Gwanintar tana bayan an gama. Sai a rufe ƙofa da taga ruf, kada iska ta shiga, ƙasa ta sha ruwanta a hankali. Kowace safiya mai daɓe ta shiga ita kaɗai, ba takalmi, ta nemi inda ya fara buɗe baki siriri kamar gashi, ta yayyafa makuba ta rufe shi da madaɓi. Kwana goma sha biyu cur. Shi ya sa Luba ba ta taɓa karɓar aiki ba sai an ba ta makullin ɗakin a hannu, kuma haka ta koya wa 'yarta.

Siminti ne ya fara cin kasuwar Iyatu, amma bai kashe ta ba. Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa ma, da buhun siminti ya gagari talaka, sai ga waɗanda suka daina gaishe ta suna aiko mata da goro. Karo ne ya gama da ita, wannan tangaran mai santsi da ake shimfiɗawa a ƙasa, tsofaffi suna zamewa a kai kamar kifi a faranti. Kuma wa ya fi kowa sayar da shi a babbar kasuwa? Hamadu, ɗan wanta, yaron da ta goya. Shi ne ya kawo ma'aikata uku gidan gado suka fasa ɗakin Luba, ɗakin da Iyatu da uwarta suka daɓe tun ba a haife shi ba. Kwana biyu suka yi da diga kafin su tayar da shi. Tana zaune a gindin dalbejiya tana jin kowane sara a haƙarƙarinta.

"Goggo, zamani ne," in ji Hamadu, bai iya kallon idonta ba. "Ni da nake sayar da karo, a ce ɗakin kakata ƙasa ne?"

"Ƙasa ce ta wahalar da ƙartinka uku haka?" ta ce. "Ƙara musu tuwo, ɗana, sun gaji."

Daga nan ta koma soya gyaɗa a ƙofar gida. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata biyu suna aure a Marwa. Ba ta da fili, ba ta da saniya. Abu ɗaya ya rage mata, sunanta. A Yelwa in an sayi tukunya mai kyau, ko an ga aure ya zauna daram, sai ka ji tsohuwa ta ce, "Kamar daɓen Iyatu." Domin ba a taɓa jin daɓenta ya tsage ba, ko sau ɗaya. Da wannan take cin gyaɗarta ta ƙoshi.

Ana nan, a wani watan Maris, lokacin da zafin Garwa ke narka kwalta, sai ga mota a ƙofar gida. Wata mata ce ta fito daga ciki, Madam Angélique, mai ƙawata gidaje daga Duwala, ta zo buɗe kantin kayan ɗaki a unguwar Filato. Tare da ita akwai magininta, Antoine, mutumin Mokolo, shi ke juya mata Faransanci zuwa Fulatanci tunda ita ba ta jin ko gaisuwar "jam". A faɗi gaskiya, matar ta rusuna ta gaida Iyatu, kuma tana da ido. Ta ɗauke ta a mota ta kai ta ta ga kantin.

Me Iyatu za ta gani? Faifai a jikin bango. Ƙwarya an huda ta an sa mata ƙwan lantarki. Gadon kara an ɗora masa gilashi ya zama tebur. Kujera 'yar tsuguno an shafe ta da mai tana walƙiya. Duk tarkacen da muka watsar bayan ɗaki muna jin kunyar baƙo ya gani, ga shi an goge, an rataya masa 'yar takarda da Faransanci wai sababbin kaya masu kare muhalli. Mu ne fa muka watsar, ba wasu ba. Kuma matan manyanmu har sun fara aiko direbobi a ajiye musu.

"Madam ta ce ƙasan zauren nan take so ki yi mata," in ji Antoine. "Ba siminti, ba karo. Ta ce yanzu Turawa ma shi suke nema, yana sanyaya ɗaki."

"Turawa ne suka gaya mata yana sanyaya ɗaki? Sannunsu da bincike." Iyatu ta taka ƙasan da dunduniya, ta duba tagogin. "Ka gaya mata zan yi. Amma bayan bugu ɗakin nawa ne kwana goma sha biyu. A rufe. Makulli a hannuna."

Madam ta yi dariya, ta dafa kafaɗarta, ta ce, "Wi, wi, Mama." Makullin zauren dai ba ta bayar ba. Wai akwai kaya masu tsada, wai maigadi zai riƙa buɗe mata kowace safiya. Abin da aka ba Iyatu shi ne makullin wani ɗan ɗakin ajiya da ke bayan ginin, mai ƙofa ta lungu, don su riƙa rataye madaɓansu. A nan Iyatu ta karya dokar uwarta, karon farko a rayuwarta. Shekara tara ba ta riƙe madaɓi ba, hannunta yana mata ƙaiƙayi. Ta karɓi ƙaramin makulli.

Ta aika garin Poli aka kawo ɓawon ɗorawa buhu huɗu, don na kusa da gari an sare itatuwan an yi gawayi. Ta tattaro tsofaffin abokan aikinta shida, waɗanda gwiwa ba ta gama ci ba. Babbar cikinsu Kaltumi ce, matar wani mahauci da ya rasu, wadda bakinta ya fi wuƙar mijin kaifi.

"Iyatu, ke kika ce mu durƙusa, ke za ki tayar da mu," in ji Kaltumi ranar bugu. "Ni dai in na maƙale a nan, a daɓe da ni, Madam ta rataya mini takarda."

"Wa zai saye ki? Buga, uwar surutu."

Suka buga. Madaɓi bakwai suna sauka tare, tim, tim, har 'yan moto, masu haya da babur, suna tsayawa a titi suna leƙe. Wani tsoho mai sayar da rake ya tsaya a taga yana share ido, ya ce rabonsa da jin wannan ƙara tun ranar da aka yi wa uwarsa ɗaki. Madam tana ta zagaya su da waya tana ɗaukar hoto. Da yamma aka gama zauren, ƙasar da aka kwaɓa ta yi saura. Tun da can Luba ta hana zubar da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ta ce wadda ta sha makuba sai an nema mata wurin kwanciya. Don haka suka shimfiɗa ragowar a ɗan ɗakin ajiya, suka buge shi shi ma. Iyatu ta rufe, ta ɗaure makullin a bakin zane.

Kwana biyu bayan nan Hamadu ya zo gida da wayarsa yana murmushi. Ya nuna mata hoton zauren, ya fassara mata rubutun da ke ƙasa: sabuwar fasahar shimfiɗar ƙasa, ƙirƙirar Madam Angélique.

Kaltumi ta dafe ƙirji. "Ƙirƙirar wa? Ita da ko madaɓi aka ba ta sai ta zaci na tuƙa tuwo ne?"

"Bar ta," in ji Iyatu. "Ta ci da 'yan Faransancinta. Mutanen Yelwa sun san hannun wa ne. Su nake ji."

Safiya ta huɗu ta iso Filato da tulun makuba a ka. Tun daga nesa ta hango ɓarnar. Ƙofar zauren a wangale. Tagogi duka a buɗe. Fankoki huɗu manya, irin na gidan biki, an kafa su a kusurwa huɗu suna hura iskar Maris a kan ɗanyen daɓe. Daga can ciki kuma ma'aikata biyu, da takalman roba, suna shafa verni, wannan man ƙyalli da ake shafa wa katako.

Ta sauke tulun. "Antoine! Wane mara tsoron Allah ne ya yi wannan?"

Ya fito yana goge hannu a wando. Ya ce wani babban baƙo zai zo daga Yawunde, an matso da ranar buɗe kanti, saura kwana huɗu. Madam ta ce a busar da shi da sauri.

"Kai ɗan Mokolo ne ko ba kai ba? Uwarka a kan me ta haife ka, a kan karo? Ka taɓa ganin an yi wa daɓe fifita?"

"Dada, na sani," ya ce a hankali. "Aiki nake."

"Sama zai bushe, ciki yana ɗanye. Kun kuma toshe masa hanci da man katako. Ta ina zai yi numfashi? Kashe su! Rufe ƙofar nan!"

Madam ta fito jin hayaniya. Antoine ya fassara mata, amma Iyatu ta lura maganarta mai tsawo ta koma gajeruwa a bakinsa. Madam ta dubi agogo, ta ce Mama ta yi aiki mai kyau, an gode, sauran na masana ne. Maigadi ya raka ta har titi, yana riƙe mata tulun kamar mai taimako.

Na masana! Matar da ta yi shekara arba'in a durƙushe, an ce ta matsa masana su ƙarasa. Iyatu ta tsaya a bakin titi. Ba ta tafi gida ba. Ta zagaya ta lungu, ta buɗe ɗan ɗakin ajiya, ta cire takalmi, ta shiga ta yi masa abin da ake yi. Haka ta riƙa yi kowace safiya, ba wanda ya kula, don ba mai kallon tsohuwa da tulu a lungu.

Ranar buɗe kanti zauren yana ƙyalli kamar madubi, amma tsaga ta riga ta fara gudu a ƙarƙashin vernin, an jejjefa tabarmi an rufe. Sai wata baƙuwa mai dogon takalmi ta taka gefen tabarma, tsinin ya nutse, ɓawon sama ya ɗago kamar ƙanzon tuwo, matar ta tafi da gwiwa a gaban babban baƙon. Kafin la'asar kowa ya ga abin da ke ƙarƙashin tabarmin.

To, ku ji inda rashin kunyar take. Da yana ƙyalli, ƙirƙirar Madam ne. Da ya tsage, sai ya zama aikin wata tsohuwa daga Yelwa wadda aka yarda da ita, ashe ba ta iya ba. Haka Madam ta gaya wa baƙinta, haka direbobi suka ji, haka maganar ta hau moto ta sauka Yelwa kafin magariba.

Washegari akwai suna a unguwa. Iyatu tana shiga tsakar gida hira ta ɗauke. Halime, matar wani dillalin shanu, wadda ta yi wa gidanta karo har banɗaki, ita ce ta kasa riƙe bakinta.

"Inna Iyatu, sannu da aiki. An ce daɓenki ya kayar da matar manya. Ashe har da kokawa kika koya masa?"

Aka kwashe da dariya. Wata daga baya ta ce, "Kamar daɓen Iyatu," aka sake fashewa. Maganar da aka yi shekara da shekaru ana yabo da ita, a wuni ɗaya ta koma abin tsokana. Iyatu ta ajiye sabulun barka a gaban mai jego, ta yi addu'a, ta fita. Kwana uku ba ta kunna wutar gyaɗa ba. Amma lungun Filato bai daina ganinta da safe ba.

Rana ta goma sha uku Kaltumi ta shigo da sauri, mayafi a hannu. "Tashi ki ji. Za a fasa zauren yau a sa karo. Kin san wa ya samu kwangilar? Ɗanki. Kuma wai karo ne mai launin jar ƙasa, daga waje, an zana masa har tsakuwa."

Iyatu ta taɓa bakin zanenta. Makullin yana nan. "Ɗauko bokiti," ta ce.

Da hantsi suka isa. Motar Hamadu tana ƙofa ana sauke kwalaye. Ma'aikata sun kai goma, rabinsu 'yan Yelwa, ga Antoine da diga, ga Madam a inuwa tana waya. Iyatu ba ta gaida kowa ba.

"Goggo, don Allah," in ji Hamadu, ya tare ta. "Kada ki ƙara wa kanki. Abin ya wuce."

"Matsa, ɗana, kafin in tuna wanda ya fasa ɗakin uwata. Antoine! Kira uwar ɗakinka. Ka zo da digarka. Ku ma duka ku biyo ni."

Ba wanda ya yi niyyar bin ta, amma Kaltumi ta riga ta fara kiran ma'aikatan da sunayen iyayensu mata, ɗaya bayan ɗaya, don haka suka biyo. Madam ma ta biyo, don ta ga ƙarshen rigimar. Iyatu ta buɗe ɗan ɗakin. Sanyi ya fito ya dake su a fuska, a tsakiyar zafin nan. Ƙasan ya yi ja mai duhu kamar hanta, sumul, ba tsaga ko ta gashi. Ta karɓi bokitin ta sheƙa ruwan duka. Ruwan ya kwanta a kai yana rawa, bai nutse ba.

"Sara," ta ce wa Antoine.

Ya gyara tsayuwa. Ya ɗaga digar ya sauke. Ta yi tsalle ta dawo, da ƙara kamar an daki turmi. Inda ta sauka ɗan farin tabo ne kawai.

"Yanzu ka fassara, kuma wallahi in ka rage mini kalma ɗaya zan sani, don ina kallon tsawon bakinka. Ƙasa ɗaya ce da ta zauren. Makuba ɗaya. Hannu ɗaya, rana ɗaya. Ka tambaye ta me ya bambanta su."

Ya fassara. Madam ta tsuguna tana shafa ƙasan da tafin hannu.

"Ba ta sani ba? To kai ka faɗa. Da Faransanci ka faɗa mata, da Fulatanci ka faɗa wa yaran nan."

Antoine ya share gumi. "Fanka ce," ya ce. "Da verni. Dada ta hana, muka yi." Ya maimaita da Faransanci, kansa a ƙasa.

Madam ta miƙe. Idonta ya nuna ta gane, ba wawuya ba ce. Ta yi magana mai tsawo da murya mai laushi. Antoine ya ce tana ba da haƙuri, an yi gaggawa. Tana so a mayar da karon, Mama ta sake yin zauren, wannan karon za a ba ta makulli, har a rubuta sunanta a allon ƙofa.

"Allon ƙofa wa zai karanta? Ni ba a Filato ake kirana ba. A Yelwa aka yi mini dariya, a gidan suna, gaban matan da na yi wa iyayensu ɗaki. Ta zo can ta tsaya ta faɗi abin da ka faɗa yanzu. In ta yi, zan durƙusa mata a zauren nan ko gwiwata za ta fashe."

Madam ta ce za ta duba lokacinta.

Ba ta zo ba. Sayen faifanmu ta iya, shiga lungunmu ta ce na yi kuskure ne ya fi ƙarfinta. Hamadu ya shimfiɗa karonsa mai kama da ƙasa, har yau yana nan, in ka taka shi da rana sai ka ɗage ƙafa. An ce in baƙo na musamman ya zo, ta lungu ake zagayawa da shi a nuna masa ɗakin ajiya, bayan an fasa kwaɗon an sa sabo, don Iyatu ba ta mayar da makullin ba.

Wanda ya zo Antoine ne. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da lungun ya cika, ya tsaya a gaban tiren gyaɗar Iyatu da hularsa a hannu. Kaltumi ta leƙa gida-gida ta fito da mata. Ya faɗi komai da Fulatanci, da ƙarfi, har fankokin ya ƙirga, huɗu. Ma'aikatan unguwar da suka ga diga ta yi tsalle suka ce haka ne, a gabansu aka yi. Iyatu ba ta ce masa ta yafe ba. Ta ƙulla masa gyaɗa a takarda ta ce ya gaida mutanen Mokolo.

Bayan sallar layya uwar Halime ta zame a karon banɗaki ta karya ƙugu. Da aka sallamo ta daga asibiti ta rantse ba za ta sake taka tangaran ba, ko a kabari. Sai ga Halime a ƙofar Iyatu da goro a faifai, tana ta kewaye-kewaye, tana tambayar lafiyar 'yan Marwa, tana yabon gyaɗa.

"Inna, dama ɗakin tsohuwa ne. Na ce ko za ki duba mana. Kin san aikinki babu irinsa, kowa ya sani."

"Kowa ya sani? Ranar suna ba ki sani ba."

"Inna, wasa ne fa."

"Wasa ne." Iyatu ta juya gyaɗa a kasko, ta bar ta a tsaye har sai da ta sauya ƙafa sau biyu. Don tsohuwar za ta yi, ba don wannan ba. Ta ajiye matankaɗin yashi, ta goge hannu a zane, ta miƙa tafin hannunta na dama, mai kaurin nan.

Halime ta ɗora mata goro.

"Ba goro ba," in ji Iyatu. "Makulli."